Waiwaye: Daga Jangare zuwa Kware, wa ake ɗora wa laifin hauka?

Har gobe a Sakkwato, idan mutum ya fara surutai shi kaɗai ko ya tuɓe riga a kasuwa, tambayar farko ita ce: “Gamo ya yi, ko jifa ne?” Tambayar ta girmi birnin kansa.

Kafin jihadin 1804, amsar tana hannun 'yan bori. A Gobir, Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce, ita ke shugabantar su a Alkalawa. A wurinsu iskoki suna da garinsu, Jangare, kuma kowane iska da irin ɓarnarsa. Sarkin Rafi shi ake dangantawa da hauka tuburan. Ɗan Galadima kuwa ɗan sarki ne mai caca da almubazzaranci, wanda ya kama sai dukiya ta zube masa ta tsakanin yatsu. Ba korar iska suke yi ba, lallashinsa suke: a yi girka, a kaɗa garaya, a yanka abin da ya nema, mara lafiya ya zama dokinsa.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa ba su musanta aljanu ba, ai sura guda gare su a Alƙur'ani. Abin da suka ƙi shi ne a yi musu yanka ko a ba su ikon da na Allah ne kaɗai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, Nana Asma'u kuma ta tura jajis ɗinta, wato malamai mata na ƙungiyarta ta 'Yan Taru, ƙauyuka suna karantar da mata, waɗanda su ne ginshiƙin bori. A fiƙihu mahaukaci ba la'ananne ba ne. Hadisi ya ce an ɗauke masa alƙalami har sai ya warke. A ganina nan ne babban sauyin, ko da yake bori bai mutu ba, ya dai koma cikin gida.

Bature ya zo da dokar mahaukata ta 1916, aka sabunta ta a 1958. Tsarewa ta fi magani yawa a cikinta, kusan turu ne da hatimin hukuma, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu kan wadda ta maye gurbinta.

Yau akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, tafiya kaɗan daga cikin gari. Amma dangi kan fara da rubutun sha da hayaƙin habbatus sauda, sai mai ruƙiyya, wani lokaci boka a ɓoye. Kware sai an sayar da akuya, ciwo ya ci jiki. Likitoci na maganar gado, laulayin bayan haihuwa, shan tiramol, da maganin tari mai kodin da gwamnati ta haramta a 2018. Uwar yaro kan saurara da kyau, ta karɓi ƙwayoyin, a hanyar komawa gida ta biya wurin malam ya tofa musu addu'a kafin a fara sha.