Hawan keke a hanyoyin tsaunukan Filato: tambayoyin da aka fi yi mini

Da wuya in jingine keken tsere a teburin mai shayi a Bukuru, kusa da Jos, ba tare da wani ya matso ya latsa tayar da ɗan yatsa ba. Daga nan sai tambayoyi su biyo baya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da amsar da nake bayarwa in shayin bai huce ba.

Me ya bambanta hanyoyin Filato da na Kano ko Katsina?

Tudu da gangara. Garin Jos yana kan tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Duwatsun Shere da ke gabashin gari sun haura mita 1,800. A ƙasar Kano in an ce maka kilomita 40 ne, ka san abin da ke gabanka. A nan kilomita 40 ba ta gaya maka komai ba sai ka ji mita nawa za ka hau a cikinta. Shi ya sa masu keke suke lissafi biyu, nisa da jimillar hawa.

Akwai kuma tsinin tudun, wanda ake aunawa da kashi cikin ɗari. Tudu mai kashi 5 yana nufin a duk mita 100 da ka yi gaba, ka tashi sama mita 5. A mota ba za ka ma lura ba. A keke, kashi 5 na tsawon kilomita uku ya isa ya sa mai surutu ya yi shiru. In ya kai kashi 10, sabon shiga sai ya sauka ya tura, kuma babu abin kunya a ciki.

Baƙon da ya zo daga ƙasa mai zafi zai ji daɗin sanyin, domin iska tana rage zafi da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Amma zai ga yana haki da wuri a kwanakin farko. Ba ciwo ba ne, iskar kan tsauni ce ba ta kai ta gida kauri ba.

Daga ina ya kamata sabon shiga ya fara?

Ni dai Vom nake tura mutum. Ka bar Jos da sassafe, ka ratsa Bukuru kafin motocin haya su cika titi, ka karkata zuwa Vom inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take. Zuwa bai kai kilomita 30 ba, tuddan kuma gajeru ne, kana gama ɗaya gangara ta ba ka hutu. Hanyar tana bi ta tsakanin gonaki masu shingen kerana, da tsibin jar ƙasa da kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Kada kyan ruwan ya ruɗe ka ka ce za ka yi wanka. Ramukan ma'adinai ne masu zurfi, sun ci mutane da yawa.

Wanda lokacinsa kaɗan ne, ya bi ta Lamingo ya nufi gindin duwatsun Shere ya juyo. Gajeriya ce, amma ƙafa za ta san ta yi aiki.

In ƙafar ta yi ƙwari, sai a wuce Mararrabar Jama'a a ɗauki hanyar Heipang, inda filin jirgin sama yake, a bi Barikin Ladi, Mangu, Panyam har Pankshin. Kimanin kilomita 120 ke nan daga Jos, tafiyar wuni guda, kuma wajen Pankshin ne duwatsu suke matsowa bakin titi, kwana ta yi yawa. Mai hankali yakan kwana can, ko ya ɗora keken a mota a dawowa.

Gaskiya ne ana hawa Hawan Kibo da keke?

Ana hawa, amma ba na ba kowa shawarar ya fara da shi. Hawan Kibo shi ne inda hanyar Jos zuwa Akwanga da Abuja take sauka daga kan tsaunin, bayan an wuce Riyom da duwatsunta da suka ɗoru kan juna kamar da hannu aka jera su. A gindinsa ne ruwan Assop yake zubowa, kimanin kilomita 60 daga Jos. Matsalar ba tsayin kaɗai ba ce. Babbar hanya ce ta tireloli da tankoki, kuma duk direban da ya saba bin ta yana da labarin motar da birkinta ya tsinke a wurin. Tirelar da ke hawa tana jan ciki, hayaƙi na tashi, tana buƙatar titin duka in za ta sha kwana. Wadda ke sauka kuwa ba ta da ikon tsayawa don kai.

In dole sai ka gwada, ka je da safe, ku kasance ku biyu ko uku, mota na biye da ku a baya. Kada ka kama bayan tirela don ta ja ka, irin yadda yara suke yi. Na ga wanda ya yi, direba ya canza giya motar ta yi baya taku ɗaya, Allah ne ya kiyaye.

Keken gida irin Phoenix zai iya?

Mutanen ƙauyukan nan da shi suke hawa kullum, har da buhun dankalin Turawa ɗaure a kariya. In tudu ya yi tsini su sauka su tura, in sun kai sama su haye. Don haka zai iya, sai dai giyarsa ɗaya ce kuma yana da nauyi.

Abin da tudu yake so shi ne giya mai laushi. A keken tsere, ka duba faifan haƙoran gaba da na baya. In ƙaramin faifan gaba yana da haƙora 34, babban na baya kuma 32, to kusan duk juyin feda ɗaya taya ta juya sau ɗaya ke nan, kuma da wannan babu tudun kwalta a Filato da zai gagare ka. Kekunan gwanjo da yawa suna zuwa da 39 a gaba da 25 a baya, an yi su don shimfiɗaɗɗiyar hanya ko don ƙafar ɗan tsere. Ka sa mai gyara ya canza maka na bayan, gwiwarka za ta gode maka. Ka sauya giya tun kafin tudun ya kama ka, domin in ka bari sai kana danna feda da ƙarfi, sarƙa na iya zamewa ko ta tsinke.

Taya kuma kada ka biye wa siririyar nan mai faɗin milimita 23. Hanyoyinmu akwai ramuka da tsakuwa. Milimita 28 zuwa 32 ta fi, in firam ɗin zai ɗauka.

Me ya sa kuke cewa gangara ta fi hawa haɗari?

Domin a hawa gajiya kawai za ka yi, a gangara kuwa keke yana kaiwa kilomita 60 a awa ba ka taka feda ba. Kuskuren da na taɓa yi shi ne na riƙe birki tun daga sama har ƙasa saboda tsoro. Robar birkin tana gugar wili, wilin ya yi zafi har na kasa taɓa shi da na tsaya, ban yi nisa ba tayar baya ta sace. Da ta gaba ce, da wani labarin ake yi. Yadda ake yi shi ne ka matsa birki sosai na ɗan lokaci, ka saki ya sha iska, ka sake matsawa. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a tsakiyarta ba. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, amma ka ja jikinka baya kan sirdi in za ka kama shi.

Sannan akuya. Akuyar ƙauye tana jira sai ka iso ta tsallaka. Haka yashin da ruwan sama yake tarawa a ƙasan gangara, daidai inda gudunka ya fi yawa. Hular kwano ba ado ba ce a nan.

Wane lokaci ne ya fi?

Ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba. Ƙasa tana kore, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta taso ba. A tsakiyar damina hadari yakan haɗu da rana tsaka, wani lokaci har da ƙanƙara. A Disamba da Janairu sanyin asuba yana sa yatsu su ƙage har ka kasa matsa birki, sai da safar hannu, ga iskar hunturu da in ta fuskance ka shimfiɗaɗɗiyar hanya ma takan zama tudu.

Batun tsaro fa?

Ba zan ɓoye ba. Riyom, Barikin Ladi, Bokkos da Mangu, inda hanyoyin suka fi kyau, nan ne kuma aka sha fama da rikici da hare-hare, har da na jajibirin Kirsimeti na 2023 a yankin Bokkos. Kafin in fita nakan tambayi direbobin tasha, su ne suka fi kowa sanin yadda hanya ta kwana. In sun ce a dakata, na dakata. Ba na barin kwalta in shiga hanyar daji, ba na kai magariba a waje, katin shaida yana aljihu saboda shingen jami'an tsaro. Gaisuwa kuma tana aiki. "Sannunku da aiki" ga masu noma a bakin hanya, ko Birom ne ko Fulani ko Mwaghavul, kowa zai amsa maka da Hausa, wani ma ya gaya maka inda gada ta lalace a gaba.

Me ake ɗauka a tafiya?

Gora biyu ta ruwa, tif ɗin taya na ko-ta-kwana, kayan faci da ƙaramin famfo. Mai facin ƙauye ya iya aikinsa, amma bakin famfonsa na mashin ne, ba ya shiga siririn bawul ɗin keken tsere, don haka ka riƙe naka. Dabino da ayaba a aljihun riga, ka riƙa ci kafin yunwa ta zo, domin in ƙarfi ya ƙare a tsakiyar tudu ba ya dawowa da wuri. Kuɗi kuma tsaba, ƙananan takardu. Mai ƙosai a Mangu ba za ta tsaya jiran taransifa ba.