Bamfaya a Finafinan Ban Tsoro

Bamfaya mamaci ne da ya ƙi zama a kabarinsa, yake fitowa da dare yana shan jinin masu rai. Al'adun gabashin Turai ne suka haife shi, littattafan ƙarni na 19 suka yi masa sutura da sarauta, silima kuma ta kai shi ko'ina a duniya. Dirakula, wanda ya fi kowane bamfaya suna, ya fito a finafinai sama da 200. Akasarin abin da mai kallo yake ɗauka daɗaɗɗiyar al'ada ce game da wannan dodo, irin su mutuwa da hasken rana da baƙar alkyabba mai doguwar kwala, a wajen shirya fim da wasan daɓe aka ƙirƙiro su.

Suna

Hausa ba ta da kalmar da ta yi daidai da shi. Ba maye ba ne, domin maye rayayye ne, kuma kurwa yake kamawa. Ba fatalwa ba ne, tunda yana da gangar jikin da za a tono a soke. "'Yan shan jini" kuwa, a bakin mutanen Nijeriya, matsafa ake nufi. Kalmar bamfaya ta fito daga harsunan Silabawa, ta hanyar Sabiya ta shiga Jamusanci da Faransanci, ta kuma bayyana a Ingilishi wajen 1732.

Kafin silima

A 1725 mutanen ƙauyen Kisiljevo da ke Sabiya, wadda a lokacin take hannun daular Ostiriya, suka zargi wani mamaci, Petar Blagojević, da kashe mutane bayan an binne shi. Suka tono gawar a gaban jami'in gwamnati, suka kafa mata turke a ƙirji, suka ƙone ta. Rahoton likitocin soja na 1732 a kan wani tsohon soja, Arnold Paole, shi ne ya watsa labarin a jaridun Turai. Abin ya yi tsamari har sarauniya Maria Theresa ta hana tonon kaburbura a 1755.

Bamfayan waɗannan rahotanni talaka ne ɗan ƙauye, kumburarre, jajawur, cikin likkafani, kuma danginsa yake fara bi. Likitocin yau sun ce ruɓewar gawa ce kawai: iska tana kumbura ciki ta turo ruwan jini ta baki, fata kuma tana janyewa sai farce ya yi kamar ya ƙara tsawo.

John Polidori ne ya mayar da shi basarake mai shiga taron manya a gajeren labarinsa na 1819. Carmilla na Sheridan Le Fanu (1872) ya kawo macen bamfaya. Sai Dracula na Bram Stoker, ɗan ƙasar Ailan, a 1897, wanda daga cikinsa aka gaji rashin fitowa a madubi, rikiɗa zuwa jemage, da sharaɗin cewa ba ya shiga gida sai an yi masa izini. Stoker bai taɓa taka Transylvania ba, yankin Romaniya ta yau da ya sa ya zama garin Dirakula a littafin. Ya aro sunan daga Vlad na Uku, sarkin Wallachia a ƙarni na 15, amma masana sun saɓa a kan iyakar abin da ya sani game da sarkin.

Zamanin fim marar magana

Babu matsaya ɗaya a kan fim ɗin bamfaya na farko. Wasu suna ambaton gajeren fim ɗin Georges Méliès na 1896, inda jemage ya rikiɗa ya zama mutum, sai dai mutumin shaiɗan ne, ba ya shan jini. A shekarun 1910 kuma an yi ta kiran mace mai yaudarar maza ta tatse su da sunan bamfaya, kamar rawar Theda Bara a 1915. Wani fim ɗin Hungari, Drakula halála, da aka ɗauka wajen 1921, shi ake ganin ya fara sa sunan Dirakula a majigi, amma ya ɓace.

Wanda tarihi ya riƙe shi ne Nosferatu na F. W. Murnau, da aka fara nunawa a Berlin ranar 4 ga Maris, 1922. Ƙaramin kamfani ne, Prana Film, ya shirya shi ba tare da ya sayi haƙƙin littafin Stoker ba. Marubucin, Henrik Galeen, ya sauya sunaye, Dirakula ya koma Orlok, aka ɗauke labarin daga Ingila zuwa wani garin Jamus a 1838. An ɗauki yawancinsa a wurare na zahiri, a Wismar da Lübeck da gidan sarautar Orava da ke Sulobakiya ta yau.

Orlok, wanda Max Schreck ya fito a matsayinsa, ba shi da abin sha'awa ko kaɗan. Kansa ƙwal, kunnuwa masu tsini, zaƙo-zaƙon farata, haƙora biyu a tsakiyar baki irin na ɓera. A jirgin ruwa yake isowa gari da akwatunan gawa cike da ƙasa da ɓeraye, annoba na biye da shi, kuma masu kallon Jamus ba su daɗe da fita daga yaƙin duniya na farko da murar 1918 ba. Fitaccen wurin fim ɗin ma ba a ganin dodon, sai inuwarsa a bango tana hawa matakala, yatsu suna miƙewa zuwa ƙofar ɗakin Ellen, jarumar fim ɗin. Ita ce ta ba da kanta ta shagaltar da shi har zakara ya yi cara, hasken safiya ya taɓa shi ya ɓace cikin hayaƙi. Nan ne mutuwar bamfaya da rana ta samo asali. A littafin Stoker, Dirakula yana yawo a titunan Landan da rana tsaka, ƙarfinsa ne kawai yake raguwa.

Florence, matar marigayi Stoker, ta kai ƙara. Kamfanin ya riga ya karye, babu kuɗin da za a karɓa, don haka a 1925 kotun Jamus ta ba da umarnin a lalata duk kwafin fim ɗin. Wasu kwafin sun riga sun fita ƙasar, su ne suka tsira, kuma daga cikinsu aka harhaɗa wanda ake kallo yanzu.

Bela Lugosi da kamfanin Universal

Dirakulan da yara suke kwaikwayo ba daga littafi ya zo kai tsaye ba, ta wasan daɓe ya biyo. Hamilton Deane ya shirya wasan a Ingila a 1924, ya sa wa dodon kwat irin ta liyafar dare da alkyabba mai doguwar kwala. An ce dabarar aiki ce: idan ɗan wasa ya juya wa jama'a baya, kwalar tana rufe kansa, sai ya sulale ta wata ƙofa a ƙasan dandamali, a bar alkyabbar ta faɗi babu kowa ciki. Da aka kai wasan New York a 1927, sai aka ba wa Bela Lugosi rawar, ɗan Hungari da aka haifa a 1882 a garin Lugos, wanda yake cikin Romaniya yanzu.

Universal ta sayi haƙƙin, Tod Browning ya ba da umarni, fim ɗin ya fito a Fabrairun 1931. Ba Lugosi kamfanin ya so ba tun farko, kuma ya karɓi aikin a kan dala 500 a mako na tsawon mako bakwai. Karin harshensa na Hungari, jan magana a hankali, gashi a shafe da mai, da ƙura ido, su suka zama siffar Dirakula. Babu fiƙa a bakinsa, ba a kuma nuna cizo. Idan ya sunkuya kan wuyan mace, sai hoton ya dushe. Rabin farko, a gidan sarautar da ya cika da yanar gizo-gizo, ya fi na biyu nesa ba kusa ba, domin daga baya fim ɗin ya koma mutane a falo suna ta magana kamar har yanzu a daɓe suke.

A lokaci guda aka ɗauki wani da harshen Sifaniyanci. Tawagar Browning tana aiki da rana, ta George Melford ta karɓi wurin da dare, Carlos Villarías a matsayin Dirakula. Masu sharhi da dama sun fi yaba aikin kyamarar na dare.

Sau biyu kacal Lugosi ya fito da sunan Dirakula a fim, na biyun a wani na barkwanci a 1948. Ya rasu a 1956 cikin talauci, aka binne shi da alkyabbar Dirakula.

Vampyr na Carl Theodor Dreyer (1932) ya bi wata hanya dabam, tamkar mafarki, har da wurin da ake kallon duniya daga cikin akwatin gawa. Bai yi kasuwa ba a lokacin. A Amurka kuma, tsaurara dokar tace finafinai daga 1934 ta rage wa irin waɗannan finafinai kaifi.

Fiƙoƙi, jini da kala

Ba a Hollywood dogayen fiƙoƙi na gefen baki suka fara bayyana a fim ba. Galibi ana ba da wannan fifiko ga Drakula İstanbul'da na Turkiyya (1953), inda Atıf Kaptan ya fito a dodon. Fim ɗin ya kawo Dirakula birnin Santambul, ya danganta shi da sarki Vlad ƙarara, ya kuma cire gicciye daga kayan kariya. Tafarnuwa ce ta rage, wasu majiyoyi kuma suna ambaton Alƙur'ani. El vampiro na Meziko (1957) shi ma ya nuna fiƙoƙin.

Amma kamfanin Hammer na Ingila ne ya kafa su a idon duniya da Dracula na 1958, wanda Terence Fisher ya ba da umarni. Mai kala ne, kuma an ci moriyar kalar: jini ja a leɓe, idanu jajir. Christopher Lee, wanda ya fito a Dirakula, dogo ne ƙaƙƙarfa, yana fara bayyana a mutumin kirki mai karɓar baƙo, can sai ya faɗo ɗaki kamar namun daji. Matan da yake ciza suna buɗe masa taga da kansu, abin da finafinan baya suka yi ta kewayewa. A ƙarshe mafaraucin bamfaya Van Helsing, wato Peter Cushing, ya bi ta kan dogon tebur da gudu, ya daka tsalle ya fizgo labule, rana ta shigo, ya haɗa sandunan kyandir biyu suka zama gicciye, ya tsare dodon a cikin haske har ya zama toka. Hukumar tace finafinan Birtaniya ta sa an yanke wasu wurare, sai bayan shekaru sama da 50 aka samo wani ɓangarensu a ma'ajiyar finafinai ta Tokyo.

Sau bakwai Lee ya yi wa Hammer Dirakula, na ƙarshe a 1973. A na 1966 ko kalma ɗaya bai furta ba. Shi ya ce ƙin faɗar abin da aka rubuta ya yi saboda rashin kyansa, marubucin Jimmy Sangster ya ce dama bai rubuta masa komai ba.

Asiya

Finafinan Malaya sun ɗauko pontianak, matar da ta mutu wajen haihuwa, tun daga 1957. Pakistan ta yi Zinda Laash a 1967, inda wani malamin kimiyya ya sha haɗin da ya yi don neman dawwama ya koma mashayin jini. A Hong Kong, Mr. Vampire (1985) ya yayata jiangshi, sandararriyar gawa cikin kayan fadawan daular Qing ta ƙasar Sin, mai tafiya da tsalle hannuwa a miƙe. Numfashi take bi, don haka mai gudun ta sai ya riƙe numfashinsa. Ana tsayar da ita da laya ta rawayar takarda a goshi, shinkafa mai danƙo kuma ita ce maganin dafinta. Tsoro da dariya a haɗe suke a irin waɗannan finafinai.

Daga 1970 zuwa yau

Blacula (1972) ya buɗe da wani yariman Afirka, Mamuwalde, da ya je wurin Dirakula a 1780 neman goyon baya don a hana cinikin bayi, sai aka cije shi aka kulle a akwati, ya farka a Los Angeles bayan kusan ƙarni biyu. An ruwaito cewa jarumin, William Marshall, shi ya dage a ba dodon wannan asali. Martin na George Romero, a ƙarshen shekarun 1970, ya zo da saurayi mai amfani da allura da reza, ba a kuma tabbatar wa mai kallo ko bamfaya ne ko taɓin hankali ba. Werner Herzog ya sake yin Nosferatu a 1979 da Klaus Kinski.

Daga nan sai dodon ya fara zama abin tausayi, har abin so. Masu sharhi sukan danganta finafinan shekarun 1980 da 1990 da fargabar cutar ƙanjamau, tunda ta jini abin yake yaɗuwa. Fim ɗin Francis Ford Coppola na 1992 ya mayar da Dirakula mai neman matarsa da ta mutu, ya kuma ci kyautar Oscar uku. Interview with the Vampire (1994) ya ba bamfaya damar ba da labari da bakinsa. Blade (1998) ya karkata zuwa faɗa. Jerin Twilight, finafinai biyar daga 2008 zuwa 2012, ya tara sama da dala biliyan 3, ko da yake da yawa ba sa lissafa shi cikin finafinan ban tsoro, soyayyar matasa ce, bamfayansa ma ƙyalli yake yi a rana maimakon ƙonewa.

Let the Right One In na Suwidin (2008) da Thirst na Koriya ta Kudu (2009) sun sami yabon masu sharhi. Robert Eggers ya dawo da Orlok a 2024, wannan karon ruɓaɓɓiyar gawa mai gashin baki, kusa da siffar rahotannin Sabiya. Sinners na Ryan Coogler (2025) ya kai labarin jihar Mississippi a 1932, cikin baƙaƙen fata masu kiɗa a zamanin wariyar launi, ya kuma riƙe sharaɗin littafin Stoker: dodannin suna tsaye a bakin ƙofar gidan rawa suna roƙon a ce su shigo.