Ziyarar kwazazzabon Girand Kanyon da mota a yini guda: tambayoyi da amsoshi

Cikin 'ya'yan ƙauyukanmu na Kano da Jigawa akwai waɗanda karatu ya kai su Amurka, kuma idan bikin kammala karatun ya zo, wasu iyaye kan samu halin zuwa su taya su murna. Waɗanda suka sauka a yammacin ƙasar sukan so ganin Girand Kanyon kafin su dawo gida, alhali kwanakinsu kaɗan ne, guzurinsu kuma a ƙididdige yake. Tambayoyin da ke ƙasa daga bakin irin waɗannan iyaye da ɗalibai suka fito.

Malam, wane irin wuri ne wannan da ake ta ba da labarinsa?

Katafaren kwazazzabo ne a arewacin jihar Arizona, wanda kogin Kolorado ya haƙa ta hanyar zaizayar dutse a tsawon shekaru miliyan 5 zuwa 6, bisa lissafin masana ilimin duwatsu. Tsawonsa kilomita 446 ne, faɗinsa ya kai kilomita 29 a wasu wurare, zurfinsa kuma ya haura mita 1,800. A 1919 gwamnatin Amurka ta mayar da shi gandun ƙasa, a 1979 kuma hukumar UNESCO ta saka shi cikin wuraren tarihi na duniya. Tun kafin wannan duka, ƙabilun asali irin su Habasupai, Walapai, Hopi da Nabaho suna zaune a yankin, kuma har yau suna nan.

Shin da gaske mutum zai iya zuwa ya dawo a rana ɗaya?

Zai iya, Alhaji, amma amsar ta dogara ne ga garin da zai tashi, kuma a nan ne yawancin masu shiri suke yin kuskure. Daga garin Filagstaf na jihar Arizona zuwa gaɓar kudu ta kwazazzabon kimanin kilomita 130 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi, saboda haka wanda ya kwana a can yana da yini cikakke a hannunsa. Daga Finiks, babban birnin jihar, kimanin kilomita 370 ne, wato awa uku da rabi zuwa huɗu. Daga birnin Las Begas na jihar Nebada kuwa kusan kilomita 450 ne, kwatankwacin tafiyar Kano zuwa Abuja, kuma duk wanda ya taɓa yin wannan hanya ya juyo a ranar ya san abin da jikinsa ya gaya masa. Awa tara a kan titi zuwa da dawowa ba ta barin wa mutum fiye da awa uku ko huɗu a bakin kwazazzabon. A ganina, mai tasowa daga Las Begas ko Finiks ya kamata ya kama hanya da ya idar da sallar asuba, kuma a samu mutum biyu masu iya tuƙi a cikin motar. Idan dattijai ne za a ɗauka, kwana ɗaya a Wiliyams, wani ƙaramin gari da ke kudu da gandun, ko Filagstaf ya fi alheri nesa ba kusa ba, ko da kuwa zai ci ɗan kuɗi.

An ce mana wurin yana da ɓangarori. Wanne za mu nufa?

Wurare uku ne ake zuwa, kuma ba a haɗa biyu a yini guda. Gaɓar kudu ita ce ta fi dacewa da baƙo: a buɗe take duk shekara, titinta mai kyau ne, kuma a nan ne ake samun wurin ajiye mota, banɗaki da abinci. Gaɓar arewa ana hango ta daga can, tsakaninsu bai wuce kilomita 16 ba a miƙe, amma da mota sai an zagaya kimanin kilomita 350. Bisa al'ada daga tsakiyar Mayu zuwa tsakiyar Oktoba kaɗai ake hidimar baƙi a can saboda dusar ƙanƙara, sannan gobarar daji ta Yulin 2025 ta cinye babban masaukinta. Na uku shi ne ɓangaren yamma, wanda ke cikin ƙasar ƙabilar Walapai, ba cikin gandun gwamnati ba, kuma kuɗin shigarsa daban ne. A can ne gadar gilashi ta leƙen kwazazzabon da aka buɗe a 2007 take, kuma ya fi kusa da Las Begas, kimanin kilomita 200. Wanda lokaci ya ƙure masa zai iya wadatuwa da shi, sai dai faɗi da zurfin da ake gani a hotuna na gaɓar kudu ne.

Idan mun isa, ta ina za mu fara?

A ajiye mota kusa da cibiyar baƙi, a taka 'yan mintoci zuwa wurin hangen kwazazzabon da ake kira Mather Point, daga nan a bi shimfiɗaɗɗiyar hanyar ƙafa zuwa Yavapai, inda akwai ƙaramin gidan baje kolin duwatsu mai manyan tagogi. Titin Hermit da ke yamma ba a barin motocin jama'a su shiga daga farkon Maris zuwa ƙarshen Nuwamba, amma akwai motocin bas na gandun da ke kai mutane kyauta. Wanda zai koma ta Filagstaf yana iya fita ta titin gabas mai kilomita 37 zuwa Desert View, inda hasumiyar dutse da aka gina a 1932 take, kuma daga nan ana ganin kogin sosai. A lokacin cunkoso layin motoci a ƙofar kudu kan yi tsawo daga hantsi, shi ya sa sammako yake da riba.

Yaran suna cewa za su gangara har bakin kogi. Mu bar su?

Kada ki yarda, Hajiya, kuma ina faɗin haka da babbar murya. Hukumar gandun da kanta tana gargaɗin cewa kada kowa ya sauka kogi ya hawo a rana ɗaya. Haɗarin yana ɓoye ne a cikin sauƙin gangara, domin matashi zai sauka da ƙarfinsa, sai ya tarar hawowa tana cin ninki biyu na lokacin saukar, ga gajiya, ga ruwa ya ƙare. Gaɓar kudu tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,100, iskarta da sanyi-sanyi, amma can ƙasa zafi kan wuce digiri 40 a watannin Yuni zuwa Agusta. Kada ɗan Haɗeja ko Gumel ya ce ai ya saba da rana, domin tsayin wurin kansa yana sa numfashi ya yi nauyi. Idan sun nace, su sauka kaɗan a hanyar Bright Angel na rabin awa su juyo. A Yuli da Agusta kuma hadari kan taso da rana, kuma da an ji tsawa sai a bar bakin gaɓa a shiga mota ko gini. Wurare da yawa babu shinge, saboda haka a riƙe ƙananan yara, a kuma hana masu ɗaukar hoto ja da baya.

Yaya batun salla da abinci?

Babu masallaci a wurin, don haka a tafi da darduma da ruwan alwala. Alƙibla daga Arizona tana arewa maso gabas, ba gabas tsantsa ba kamar yadda muka saba a gida, kuma manhajar waya za ta nuna ta. Nisan ya wuce na ƙasaru, amma ya kyautu a tambayi malami kan haɗa salloli tun kafin a tashi. Abinci kuwa a dafa a tafi da shi, domin na can yana da tsada, kuma naman halal ba shi da sauƙin samu. An haramta ba dabbobin wurin abinci, kuma kuregunsa suna cizo.

Me ya kamata direba ya sani?

A hannun dama ake tuƙi kamar a Najeriya, sai dai allunan titi da mil suke lissafi, kuma mil ɗaya ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. A sha mai a Wiliyams ko Filagstaf, domin yana ƙara tsada idan aka matso kusa, a kuma sauke taswira a waya tun daga masauki saboda sabis kan ɗauke a hanya. Kuɗin shiga na mota ɗaya dala 35 ne na kwana bakwai, da kati ake biya, kuma daga farkon 2026 an ɗora ƙarin kuɗi a kan baƙin da ba mazauna Amurka ba, saboda haka a duba shafin gandun a intanet kafin a yi kasafi. Mafi yawan Arizona ba ta canza agogo da sauyin yanayi, shi ya sa a lokacin sanyi take gaban Las Begas da awa ɗaya. Faɗuwar rana a wurin tana da kyan gani ƙwarai, amma wanda ke da tafiyar awa huɗu a gabansa gara ya haƙura ya tashi da la'asar, domin titin da ya haɗa gandun da Wiliyams duhu ne da dare, kuma bareyi da manyan namun dawa suna tsallaka shi.