Ƙarancin jini bayan babbar tiyata

Ƙarancin jini bayan tiyata shi ne raguwar himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, bayan an yi wa mutum babban aiki irin na hanji, zuciya, ƙugu ko ciro jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar namiji a matsayin mai ƙarancin jini idan awonsa ya gaza giram 13 a kowace desilita ta jini, mace marar juna biyu kuma giram 12. Mafi yawan waɗanda aka yi wa babban aiki suna faɗawa ƙasa da haka, kuma awon yakan kai ƙarshen saukarsa a kwana na uku ko na huɗu. Alamominsa su ne jiri, haki, kasala da bugun zuciya da sauri.

Zubar jini ne babban dalili. Kowace mililita ɗaya ta jini na tafiya da kusan rabin miligiram na sinadarin ƙarfe, wanda ɓargo ke buƙata don ƙera sabon jini. Wanda ya shiga ɗakin tiyata da ƙarancin jini tun farko, saboda maleriya, tsutsar ciki ko yawan haihuwa, shi ya fi jin jiki.

Akwai kuma dalilin da ba a cika sani ba. Yankan tiyata na tayar da kumburi, sai hanta ta ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda ke hana hanji tsotsar ƙarfe, ya kuma tsare wanda ke ajiye a jiki. Shi ya sa ƙwayoyin ƙarin jini masu ɗauke da ƙarfe ba sa yin tasiri sosai a makonnin farko, ga kuma taurin bayan gida da tashin zuciya da suke jawowa. A shekarar 2018 wasu ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka ba da shawarar a fifita ba da ƙarfe ta jijiya, musamman idan awon feritin, mai nuna yawan ƙarfen da ke ajiye a jiki, ya gaza 100. Ana iya ɗura miligiram 1000 na maganin ƙarfe mai suna ferric carboxymaltose cikin kimanin minti 15, sai dai tsadarsa na hana marasa lafiya da dama samunsa.

Ƙarin jini kuwa ana keɓe shi ga wanda awon himogulobin ɗinsa ya faɗi ƙasa da giram 7 ko 8, ko wanda ke ci gaba da zubar jini. Leda ɗaya na ɗaga awon da kusan giram ɗaya, amma ba ta magance tushen matsalar, don haka sallamar majiyyaci ba tare da an auna ƙarfensa ba babban sakaci ne.

A gida, hanta, nama, kifi da wake suna taimakawa, shayi kuma yana rage tsotsar ƙarfe idan aka sha shi tare da ƙwaya. Lemun malt da madara da ’yan dubiya ke kawowa ba ya maye gurbin magani. Mai ciwon sikila ba a ba shi ƙarfe sai an auna, domin yana iya taruwa ya cutar da hanta da zuciya.