Iskar akwati ta ƙi juyawa: tambayoyin da kullum ake maimaita mini

Duk ɗalibin da ya fara kwaikwayo a kwamfuta na yadda iska mai zafi ke tashi, mai sanyi ke sauka a cikin rufaffen akwati, tambayoyin nan yake kawo mini. Ga su, don Allah a karanta kafin a sake turowa.

Na ɗumama bango ɗaya, amma iska ba ta motsa ba. Me ya faru?

Ba ka kunna ƙarfin jan ƙasa ba. Sa 9.81 (m/s²) a matsayin ƙimarsa, ka duba ina ya fuskanta. In ya kunnu, to ka bar nauyin iskar a lamba ɗaya tak, zafi bai canja shi ba. Me zai ɗaga ta?

Yaya zan san sakamakona daidai ne?

Da wannan ya kamata ka fara. Gwada akwatin gwaji da masani de Vahl Davis ya wallafa sakamakonsa a 1983: murabba'i, bango ɗaya zafi, na gabansa sanyi, zafi ba ya ratsa sama da ƙasan akwatin, lambar Prandtl (mai kwatanta yaɗuwar motsi da yaɗuwar zafi a cikin iska) 0.71. Lambar Nusselt (ma'aunin yawan zafin da juyawar iska ke ɗauka) ta fito kusan 1.118 a lambar Rayleigh (ma'aunin ƙarfin da zafi ke tura iska da shi ta juya) 1,000, sannan 4.519 a 100,000, da 8.8 a miliyan ɗaya. In ba ka samu haka ba, kada ka zargi manhajar lissafin, wato Fluent ko OpenFOAM.

Boussinesq, wato sauƙaƙan lissafin da ke ɗaukar nauyin iska bai canja ba sai wajen ƙarfin da ke ɗaga ta, ya isa?

In bambancin zafin ƙarami ne, wajen digiri 15 ga iska, digiri 2 ga ruwa. Kusa da digiri 4 kuwa, inda ruwa ya fi nauyi, ka rabu da shi.

Kuskuren lissafi ya ƙi sauka, sai hawa da sauka yake. Na lalata wani abu?

Wataƙila, wataƙila kuma a'a, kwantar da hankalinka. Fara lissafa lambar Rayleigh da hannu, abin da yawancinku ke tsallakewa. In ba ta kai miliyan goma ba a irin akwatin nan, galibi laifin saiti ne. A Fluent mayar da tsarin matsi zuwa PRESTO! ko Body Force Weighted. A OpenFOAM duba pRefCell da pRefValue, tunda akwati ba shi da ƙofar da matsi zai jingina da ita. Sai raga, wato ƙananan gidajen da aka rarraba akwatin zuwa cikinsu don lissafi: shimfiɗar zafi da ke manne da bango sirancewa take yayin da Rayleigh ke ƙaruwa, dole a cunkusa ƙananan gidaje a nan. Wani lokaci farawa da ƙaramin ƙarfin jan ƙasa, a riƙa ƙara shi sannu a hankali, yana taimakawa, ko da yake ba kullum ba.

Amma in Rayleigh ta doshi miliyan 200, iskar kanta ce ba ta zama wuri ɗaya, kana neman tsayayyar amsa inda babu. Koma lissafi mai tafiya da lokaci, ka ɗauki matsakaici. Dogon akwati yakan fara rawa tun kafin nan, saboda haka ba zan yanke maka iyaka ba sai na ga siffar naka. Ni dai na fi amincewa da daidaiton zafi: abin da ya shiga ta bango mai zafi ya yi daidai da wanda ya fita ta mai sanyi?

Na ɗumama ƙasan akwatin, shiru.

In Rayleigh ba ta kai 1708 ba, haka ya dace, a ƙaramin akwati ma sai ta ɗara haka. In ta wuce, ɗan gurɓata zafin farko don iskar ta samu dalilin juyawa.

In rage lambobin sassauci (masu taƙaita canjin da lissafi ke yi a kowane zagaye) har kuskuren ya kwanta?

Ɓoye shi ka yi, yana nan.