Waiwaye: Daga Lissafin Katako Zuwa Neman Dajin da Zai Jure

Ilmin kula da gandun daji, kamar yadda ake koyar da shi a yau, ya samo asali ne daga tsoron ƙarewar katako. A shekarar 1669 gwamnatin Faransa ta kafa doka kan ruwaye da dazuzzuka, kuma babbar manufarta ita ce tanadin itatuwan ƙera jiragen ruwa na yaƙi. A 1713 kuma Hans Carl von Carlowitz, jami'in da ke kula da haƙar ma'adinai a yankin Saksoni na Jamus, ya wallafa littafi yana kira da a riƙa cin moriyar daji ta yadda ba zai ƙare ba, domin ramukan azurfa suna cin itace ba dare ba rana wajen tokare rufinsu da narka ma'adinin. Daga nan aka gaji ƙa'idar da ta ratsa ƙarni uku, wato kada a sare fiye da abin da daji zai iya mayarwa.

Ƙa'idar mai kyau ce, amma da ma'aunin katako kaɗai aka auna ta. A ƙarni na 19 masanan gandun daji na Jamus suka ga cewa lissafi ya fi sauƙi idan itatuwan iri ɗaya ne kuma sa'o'in juna, don haka aka maye gurbin dazuzzuka masu gaurayen itatuwa da dogayen layuka na sifurus da fayin, itatuwan katako masu ganye kamar allura, waɗanda ke saurin girma kuma suke miƙewa sambal. Wannan tsari ya bazu a duniya. Dietrich Brandis, Bajamushe, ya zama babban sufeton dazuzzukan Indiya a 1864 a ƙarƙashin mulkin Birtaniya, kuma dokar daji ta 1878 ta bai wa hukuma ikon keɓe gandaye da taƙaita haƙƙin mazauna ƙauyuka na yin kiwo da ɗiban itace. Da haka aka fitar da abu biyu daga cikin daji: bambancin itatuwa, da mutanen da suka san shi tun kaka da kakanni.

Abu na uku da aka kora shi ne wuta. An kafa hukumar gandun daji ta Amurka a 1905, kuma bayan shekara biyar wata gagarumar gobara ta cinye kimanin eka miliyan 3 a jihohin Idaho da Montana, ta hallaka fiye da mutum 80, akasarinsu 'yan kwana-kwana. Firgicin wannan bala'i ya sa aka ɗauki kowace wuta a matsayin abokiyar gaba, har a 1935 aka shimfiɗa ƙa'idar cewa duk gobarar da aka kai rahotonta, a shawo kanta kafin ƙarfe goma na safiyar washegari. Sai dai da yawa daga cikin busassun dazuzzukan yammacin ƙasar da wuta suka saba rayuwa. A da, ƙaramar wuta, ko ta tsawa ko wadda 'yan asalin ƙasar ke cinnawa da gangan, takan bi ƙasa lokaci-lokaci ta lashe busassun ganye da ƙirare da ƙananan tsiro, ta bar manyan itatuwa masu kaurin ɓawo a tsaye. Da aka hana ta, sai makamashi ya yi ta taruwa shekara da shekaru, matasan itatuwa suka cunkushe suka zama tsani daga ƙasa zuwa rassa, ta yadda duk ranar da wuta ta kama sai ta haye sama ta ƙone komai ƙurmus. Hukumar ta yi watsi da waccan ƙa'ida ta ƙarfe goma a 1978, amma har yanzu ana biyan bashin waɗancan shekaru, ta hanyar rage cunkoso da cinna wuta bisa tsari a lokacin da iska da laima suka dace.

Sauyin yanayi ne ya fito da raunin gandaye masu iri ɗaya fili. Akwai wani ƙwaro mai tsawon kimanin milimita 5, wanda ke huda ɓawon sifurus ya yi ƙwai a ciki, tsutsotsinsa kuma su yi ta sassaƙa hanyoyi a cikin laushin naman da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwa. Lafiyayyen itace yakan kwararo da ƙaro ya nutsar da maharin tun a bakin rami, amma wanda fari ya galabaita ba ya iya yin haka, sai a ga korensa ya koma ja cikin 'yan makonni. Bayan farin da ya fara a 2018, hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa Jamus ta yi asarar itatuwa a kimanin hekta 500,000 zuwa 2021, kuma gandayen sifurus ne suka fi jin jiki. Abin lura, tun kusan 1920 wani masani, Alfred Möller, ya yi kira da a bar daji da itatuwa iri-iri masu shekaru daban-daban, a riƙa cire ɗaiɗaiku maimakon share fili gaba ɗaya. Shawarar ba ta yi rinjaye a zamaninsa ba, yau kuwa ita ake komawa gare ta.

Batun mutane ma ya juyo. Nepal ta mayar da dazuzzuka ƙarƙashin gwamnati a 1957, abin da ya raunana kulawar da ƙauyuka ke yi musu, sannan dokar 1993 ta ba da damar miƙa ragamar gandaye ga ƙungiyoyin mazauna. Wani nazari da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa yankin da daji ya rufe a ƙasar ya tashi daga kashi 26 cikin ɗari a 1992 zuwa kashi 45 a 2016, ko da yake ƙaurar matasa daga karkara ma ta taimaka. A ganina wannan ya fi yawancin yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa nuna inda maganin yake, domin duk da ƙa'idojin daji da aka amince da su a taron duniya kan muhalli da aka yi a birnin Rio na Brazil a 1992, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa an share dazuzzuka hekta miliyan 420 a duniya tsakanin 1990 da 2020.

Tambayar da ta fi damun ma'aikatan gandun daji yanzu ita ce wane itace za a dasa, tunda dashen bana zai iya kai wa shekara 80 ko 100 kafin a sare shi, cikin yanayin da ya sha bamban da wanda iyayensa suka saba da shi. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a ɗebo iri daga kusa da inda za a shuka. Lardin British Columbia na Kanada, inda wani ƙwaron ɓawon ya shafi fiye da hekta miliyan 18 na fayin, ya sassauta wannan ƙa'ida a 2010, ya amince a riƙa dasa lac na yamma, wani itace dangin fayin, a arewa da iyakar da aka san shi, bisa sharaɗin kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na abin da ake dasawa.