Ban ci alade ba, amma ni na kwanta

Mu biyu aka tura wani ɗan gajeren horo a tsibirin Cebu na ƙasar Filifin, ni da wani abokin aikina Kirista, ɗan kudancin Kaduna. Tun a jirgi ya ɗaura aniyar ba zai dawo gida ba sai ya ɗanɗana lechon a duk inda aka ce masa an iya gashi. Ni Musulmi ne, nawa rakiya ne da ido. Sai dai wanda ya yi shekaru yana aikin duba-gari ba ya iya tsayawa gaban tebur ɗin mai nama bai leƙa ƙarƙashinsa ba, don haka na dawo da abin faɗa, musamman ga 'ya'yanmu da ke tafiya can karatun likita da jinya.

Lechon, da ake furtawa lecon, alade ne sukutum da ake tsirewa a jikin gora ko ƙarfe, a yi ta juya shi a kan garwashi na sa'o'i har fatar ta yi ja ta bushe ƙarau. Sunan daga harshen Sifaniya yake, waɗanda suka mulki ƙasar sama da shekara 300. Mutanen Cebu suna cusa wa cikinsa gishiri da tafarnuwa da albasa da wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami da suke kira tanglad, kuma suna alfahari cewa nasu ba ya buƙatar miya. A yankin Manila, inda unguwar La Loma ta birnin Quezon ta yi suna da shi, ana haɗawa da wata miya mai zaƙi-zaƙi ta hantar alade. Biki ko suna ko Kirsimeti, in babu shi ana ganin ba a yi taro ba, kamar yadda mu ma layya ba ta cika sai an ga rago a tsire. A garin Balayan ma har jerin gwano ake yi da gasassun aladu kowace 24 ga Yuni.

A kasuwar Carcar, kimanin kilomita 40 kudu da birnin Cebu, na fi tsayawa na duba. Mata ne jere, kowace da nata aladen kwance a kan tebur, tana miƙo wa masu wucewa guntun fata a bakin wuƙa su ɗanɗana. Ana sara a kan katako, a auna a sikeli, a kwarara romo a kai. Wurin wadda abokina ya fara saye, nama na tururi, layi ya yi tsawo, kafin mu bar wurin an cinye rabi. Can gaba kaɗan akwai wata da nata ya huce, kitsen ya fara daskarewa ya yi fari a gefen faranti, tana korar ƙuda da tsinken da aka ɗaura wa leda. Da hannun da take karɓar kuɗi take dafa naman. Na ja rigarsa na ce, "Yallaɓai, wannan dai a'a." Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai da ba ka ci, ina ruwanka?" Amma ya ji maganata.

Kwana huɗu yana yawon ɗanɗane, ko ciwon kai bai yi ba. Ni da na yi ta taƙama cewa babu ruwana da alade, ni na kwanta. Na sayi gasasshiyar kaza da shinkafa da azahar, na ajiye a ɗakin masauki cikin leda, aka wuce da mu wani zagaye, ban waiwaye ta ba sai bayan isha'i. Na shinshina, ban ji komai ba, na ci. Kafin tsakar dare amai ya ce salamu alaikum, gudawa ta biyo baya. Abin kunya ga mai wa'azin tsabta, amma gara in faɗa.

Abin da ya faru ba wani asiri ba ne. Ƙwayoyin cuta ba su san halal da haram ba, ɗumi da lokaci suka sani. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas suke hayayyafa, wasu suna ninka yawansu duk bayan minti 20, kuma zafin Filifin mai danshi ne, irin na Legas a damina. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili, kuma a dafa nama har cikinsa ya kai digiri 70. Wasu ƙwayoyin, kamar masu zama a fatar hannu da hanci da kuma masu son dafaffiyar shinkafa, dafi suke zubawa a cikin abinci, kuma ɗumame ba ya kashe dafin. Ba ya wari, ba ya canza ɗanɗano. Hanci ba likita ba ne, ni shaida ne.

Ga wanda addininsa ya yarje masa cin lechon, shawarata ita ce ya je da wuri, lokacin da aka sauke shi daga wuta, ya sayi inda ake layi. Ya dubi naman kusa da ƙashi, wajen kafaɗa da cinya inda ya fi kauri, don alade sukutum yana iya ƙonewa a waje cikinsa bai nuna ba. In ya ga ja-ja ko ruwan jini, ya bari. Ragowa kuwa ko firji nan take, ko a haƙura.

Akwai kuma wata magana da na fi so 'yan'uwana Musulmi su saurara, domin a nan muke sakin jiki. Akwai tsilar alade. Wanda ya ci naman da bai dahu ba, tsilar takan girma a hanjinsa, ya riƙa fitar da ƙwayayenta a bayan gida, sau da yawa bai ma san yana ɗauke da ita ba. In bai wanke hannu da sabulu ba ya taɓa abincin wani, ko bahayar ta gurɓata ruwa ko ganye, wanda ya haɗiyi ƙwan shi ne ke cikin babban haɗari. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa, 'ya'yan su bi jini su maƙale a tsoka ko ido ko ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankuna da dama da cutar ta yi katutu, ita ce sanadin kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Wato ba sai ka ci alade ba. A 1992 likitoci sun ba da rahoton mutum huɗu da ta kama a ƙwaƙwalwa cikin wasu Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a New York, mutanen da alade haramun ne gare su kamar mu, kuma bincike ya karkata ga masu yi musu aikin gida da suka fito daga ƙasashen da tsilar ta yawaita. Saboda haka ɗanyen ganye, yankakken 'ya'yan itace na bakin titi, da ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba, su ne abin tsoronka ko da ba ka taɓa kusantar teburin lechon ba.

Ta fuskar kiyaye addini ma sai an buɗe ido. Kalma uku ku haddace: baboy alade ne, manok kaza, baka saniya. Za ku ga shaguna an rubuta lechon manok, wato gasasshiyar kaza, amma da yawansu suna gasa liempo, naman cikin alade, a murhu ɗaya, kitsen wannan yana ɗiga a kan wancan, wuƙa ɗaya, katako ɗaya. Sisig yawanci naman kan alade ne, dinuguan da jininsa ake yi, kuma ko miyar ganye sau da yawa da gutsattsarin alade aka soya ta. Tambayar ita ce, "May baboy ba ito?" wato akwai alade a ciki? Mutane ne masu fara'a, ba sa jin haushi. Wanda ke Manila ya nufi Quiapo, kewayen babban masallacin nan mai ƙubba ruwan zinariya da aka gina a 1976, akwai gidajen abincin Musulmi, yawancinsu 'yan asalin tsibirin Mindanao na kudancin ƙasar. A can ma dai a lura da zafin abinci, don shinkafa da kazar da aka ƙunshe a ganyen ayaba tun safe tana iya kayar da mutum kamar yadda tawa ta kayar da ni.

In kuwa ta faru, abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ku riƙe ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake jiƙawa a sha don mayar da ruwan jiki, a jaka tun daga gida. In babu, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko da ana amai. Da shi na tashi, abokina yana tsaye a kaina yana min tsiya. Kada a ruga ga maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da izinin likita ba. Amma in an ga jini a bahaya, ko zazzaɓi mai zafi, ko fitsari ya ɗauke, ko an kwana uku abin bai lafa ba, asibiti kawai.

Wanda kuma ya dawo gida, ko bayan shekaru ne, ya fara fama da ciwon kai mai naci ko ya yanke jiki ya faɗi alhali bai taɓa farfaɗiya ba, kada dangi su tsaya a kan cewa iska ce. A kai shi wurin likita, a gaya masa ƙasashen da ya zauna, domin hoton ƙwaƙwalwa yana nuna wannan cutar, kuma tana da magani.